Dietrich Bonhoeffer: faston da wa'azin ceto ya kai shi ga igiyar Hitler

A cikin mutanen da gwamnatin Nazi ta rataye a makonnin ƙarshe na Yaƙin Duniya na Biyu akwai wani fasto ɗan shekara 39 mai suna Dietrich Bonhoeffer. Bai taɓa riƙe muƙamin siyasa ba. Sana'arsa koyar da tauhidin Kirista da rubuta littattafai a kan zunubi da gafara da tashin matattu. Duk da haka, sunansa ya fito a cikin jerin waɗanda suka ƙulla shirin kifar da Adolf Hitler, kuma a kan wannan aka kashe shi ranar 9 ga Afrilu, 1945, saura mako uku Hitler ya kashe kansa.

Har yau ana jayayya a kansa. Wasu na ganinsa shahidi, wasu na ganinsa malamin addinin da ya tsoma hannu a cikin abin da bai shafe shi ba. Shi kuwa a wurinsa tambayar guda ce: mutumin da ya gaskata cewa an gafarta masa zunubi, kuma mutuwa ba ita ce ƙarshensa ba, me ya wajaba a kansa idan gwamnatin ƙasarsa ta zama mai kisan kai?

Ɗan gidan boko

An haife shi ranar 4 ga Fabrairu, 1906, a birnin Breslau, wanda a yau yake cikin ƙasar Polan da sunan Wroclaw. Tagwaye ne shi da 'yar'uwarsa Sabine, kuma shi ne na shida a cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinsa, Karl Bonhoeffer, farfesa ne a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa, wanda ya koma Berlin da iyalinsa a 1912 don shugabantar wannan sashe a asibitin jami'a. Mahaifiyarsa, Paula, ta fito daga zuriyar malaman coci, amma gidan ba masu yawan zuwa sujada ba ne. Abin da aka fi ɗaukaka a cikinsa shi ne kimiyya da shari'a da kiɗa, da kuma ƙin maganar da ba ta da hujja.

Mutuwa ta shiga gidan a watan Afrilun 1918, lokacin da yayansa Walter ya rasu sakamakon raunin da ya samu a fagen daga a Faransa. Dietrich yana da shekara 12. Bayan kamar shekara biyu ya sanar da iyalinsa cewa tauhidi zai karanta. 'Yan'uwansa ba su ɗauki abin da daraja ba, don a ganinsu coci ta riga ta zama tsohuwar hukuma marar kuzari. Ya fara karatu a Jami'ar Tübingen a 1923, ya koma Berlin, ya kuma samu digirin digirgir a 1927 yana ɗan shekara 21, da wani bincike a kan ikkilisiya a matsayinta na al'umma. Ya yi shekara guda yana mataimakin fasto ga Jamusawan Barcelona, sannan ya cika sharuɗɗan koyarwa a jami'a a 1930.

Shekarunsa ba su kai a naɗa shi fasto ba, sai ya tafi New York, makarantar tauhidi ta Union, daga 1930 zuwa 1931. Karatun ajin bai burge shi ba. Abin da ya kama shi yana unguwar Harlem, inda wani abokin karatunsa baƙar fata, Frank Fisher, ya kai shi cocin Abyssinian Baptist ƙarƙashin Adam Clayton Powell babba. A can ya ji ana wa'azin zunubi da ceto ga mutanen da ake wulaƙantawa kullum saboda launin fatarsu, ya ga kuma yadda suke riƙe da wa'azin da hannu biyu. Ya koyar da yara a makarantar Lahadi ta cocin, ya kuma koma gida da faifan waƙoƙinsu na ibada. Wani abokin nasa Bafaranshe, Jean Lasserre, ya nusar da shi cewa koyarwar Yesu a kan Dutse, har da umarnin ƙaunar maƙiyi, an bayar da ita ne don a aikata. Daga wannan lokaci ya karkata ga ƙin yaƙi.

An naɗa shi fasto a Berlin a watan Nuwamban 1931. Yana koyarwa a jami'a, yana kuma koyar da wasu yara kusan hamsin na unguwar talakawa, waɗanda iyayensu da yawa ba su da aikin yi.

Coci ta rabu biyu

Hitler ya zama shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu, 1933. Kwana biyu bayan haka Bonhoeffer ya yi jawabi a rediyo a kan ma'anar shugabanci, inda ya yi gargaɗin cewa jagoran da ya bari mabiyansa suka mayar da shi gunki ya zama mai ɓatarwa. An yanke shirin kafin ya kai ƙarshe.

A lokacin Jamus na da mutum kusan miliyan 65. Kimanin kashi biyu cikin uku 'yan Furotesta ne, kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan Katolika, Yahudawa kuwa wajen 500,000, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ma'ana, duk abin da za a yi wa Yahudawa, a gaban idon masu zuwa coci za a yi shi. Ranar 1 ga Afrilu aka ƙaurace wa shagunansu, ranar 7 ga wata aka kafa dokar korarsu daga aikin gwamnati. A cikin watan Bonhoeffer ya rubuta maƙala ya zayyana matakai uku da ke gaban coci idan hukuma ta kauce: ta tuhumi hukuma a kan halascin abin da take yi, ta taimaki duk wanda aka zalunta ko da ba mabiyinta ba ne, idan kuma abin ya ƙi, ta tsaya ta tare injin zaluncin kansa.

Maƙalar ba ta rasa aibi ba. Tana ɗauke da wasu tsofaffin ra'ayoyin coci game da Yahudawa waɗanda suka daɗe suna share wa ƙiyayya hanya. Shi kansa ya yi tuntuɓe a wannan wata. Mijin tagwaiyarsa, Gerhard Leibholz, asalinsa Bayahude ne, kuma da mahaifin Leibholz ya rasu aka roƙi Bonhoeffer ya jagoranci jana'izar. Ya bi shawarar wani babba a coci ya ƙi. Bayan watanni ya rubuta wa surukin nasa yana neman gafara, yana mai cewa tsoro ne ya kama shi.

A watan Yuli wata ƙungiya mai kiran kanta Kiristocin Jamus, wadda jam'iyyar Nazi ta mara wa baya, ta lashe kusan kashi biyu cikin uku a zaɓen majalisun coci. Aka naɗa Ludwig Müller bishop na ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyar ta nemi a kori fastocin da ke da jinin Yahudawa, kuma a wani gangami a Berlin a watan Nuwamba ɗaya daga cikin jagororinta ya nemi a yar da Tsohon Alkawari. Martin Niemöller ya kafa ƙungiyar agajin fastoci don tinkarar wannan, daga cikinta kuma aka samu abin da ake kira Ikkilisiya Mai Shaida, wadda ta fitar da matsayarta a Barmen a watan Mayun 1934.

A wurin Bonhoeffer rikicin ya wuce na muƙamai. Asalin saƙon Kirista shi ne dukan 'yan Adam masu zunubi ne, babu wanda jininsa ko ƙabilarsa za su cece shi, kuma ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa ne ake samun gafara. Cocin da ta ce asalin haihuwa ne ke tantance wanda zai tsaya a bagadinta, a ganinsa, ta riga ta sauya wannan saƙo da wani. Da ya ga ko abokan gwagwarmayarsa suna sassautawa, sai ya karɓi aikin kula da majami'u biyu na Jamusawa a Landan daga Oktoban 1933 zuwa farkon 1935. A can ya ƙulla abota da George Bell, bishop na Chichester, wanda ya zama muryarsa a waje. Ya samu gayyata daga Mahatma Gandhi ya je Indiya ya ga yadda ake gwagwarmaya ba da makami ba, amma kira daga gida ya riga shi.

Gafara mai araha

A 1935 Ikkilisiya Mai Shaida ta ba shi shugabancin makarantar horar da fastoci, wadda ta fara a Zingst da ɗalibai 23, sannan ta koma Finkenwalde kusa da Stettin. Ya tsara musu zama irin na 'yan'uwa: addu'a da safe da dare, karatun Zabura, rabin sa'a na shiru a kan aya guda, da furta zunubi ga juna kafin Jibin Ubangiji. Wasu 'yan Furotesta sun yi masa kallon mai shigo da al'adar Katolika. Hujjarsa ita ce zunubi ya fi ƙarfi a ɓoye, kuma mutumin da yake furta laifinsa ga Allah shi kaɗai sau da yawa kansa yake yafe wa.

Daga darussan wannan makaranta ne littafinsa mafi shahara ya fito a 1937, mai suna Nachfolge, wato almajiranci. Don a fahimci abin da ya faɗa, sai an koma ga Martin Luther. Tun ƙarni na 16 Luther ya koyar da cewa mutum ba ya sayen ceto da ayyukansa, kyauta ce daga Allah, ana karɓarta ta bangaskiya. Bonhoeffer bai musa wannan ba. Abin da ya ce shi ne, a cikin shekaru ɗari huɗu an mayar da wannan kyauta hajar gwanjo. Ana shelar gafara ga kowa ba tare da an nemi tuba ba, mutum ya fito daga coci da tabbacin an yafe masa, ya koma ya ci gaba da abin da yake yi. A ƙarshe zunubin ne ake wankewa, mai zunubin kuwa yana nan yadda yake.

Ya kira wannan alheri mai araha, ya kuma bambanta shi da alheri mai tsada. Kyauta ce, i, amma a aƙidar Kirista an biya ta da ran Almasihu a kan gicciye, don haka ba ta barin wanda ya karɓe ta ya zauna inda ta same shi. Luther ya kai ga wannan koyarwa ne bayan ya bar komai ya sha wuya, magadansa kuwa suka ɗauki sakamakon suka mayar da shi lasisi. Littafin bai ambaci Hitler ba, amma mai karatu a Jamus ta 1937 ya san inda aka dosa. Ma'aikacin da ya sa hannu a takardar korar maƙwabcinsa ranar Juma'a, ya kuma karɓi gafara ranar Lahadi ba tare da wani ya tambaye shi komai ba, shi ne ainihin mai cin wannan araha.

Hukuma ta gane. A 1936 aka ƙwace izininsa na koyarwa a jami'a. A Satumban 1937 'yan sandan ciki na Gestapo suka rufe Finkenwalde, kafin ƙarshen shekara kuma aka tsare tsofaffin ɗalibansa 27. Ya ci gaba da horon a ɓoye a ƙauyukan Pomeraniya har zuwa 1940. A Janairun 1938 aka hana shi zama a Berlin. A cikin shekarar ne mafi yawan fastoci, har da na Ikkilisiya Mai Shaida, suka yi wa Hitler rantsuwar biyayya. Daren 9 ga Nuwamba aka ƙona majami'un Yahudawa a faɗin ƙasar, shugabannin coci kuma suka yi gum in ban da ɗaiɗaiku. Sabine da mijinta sun riga sun tsere zuwa Ingila watanni biyu kafin wannan dare.

Kwana 26 a New York

Da yaƙi ya ƙarato, aka fara kiran sa'o'insa aikin soja. Ƙin amsa kira na nufin hukuncin kisa, kuma zai jawo wa cocinsa bala'i. Abokansa a Amurka, ciki har da Reinhold Niebuhr, suka shirya masa aikin koyarwa. Ya isa New York a watan Yunin 1939, ya kasa samun natsuwa. Bayan kwana 26 ya hau jirgin ruwa ya juya. Ya bayyana wa Niebuhr cewa zuwansa kuskure ne, domin wanda bai sha wahalar wannan zamani tare da jama'arsa ba, ba shi da bakin magana a sake gina su bayan yaƙi. Ya kuma hango cewa Kiristan Jamus zai zaɓi ɗaya cikin biyu, ko dai ya so a ci ƙasarsa da yaƙi, ko ya so ta yi nasara a kan gawar duk abin da ya yi imani da shi, kuma ba a yin irin wannan zaɓi daga wurin da babu haɗari.

A Satumban 1940 aka hana shi magana a bainar jama'a, a Maris na 1941 aka hana shi buga rubutu. A wannan tsakani ne ya shiga hukumar leƙen asirin soja, wato Abwehr. Shugabanta, Admiral Wilhelm Canaris, da na hannun damansa Hans Oster suna fakewa da ofishin suna shirya juyin mulki, kuma mijin yayar Bonhoeffer, lauya Hans von Dohnanyi, yana tare da su yana tara takardun shaidar laifuffukan gwamnati. A takarda, an ɗauki faston ne don ya yi amfani da sanayyarsa da coci-cocin waje ya tara wa soja labari. A zahiri saƙon masu juyin mulki yake kaiwa. Ya je Suwizalan da Norwe da Suwidin. Ranar 31 ga Mayu, 1942, ya gana da Bishop Bell a garin Sigtuna, ya ba shi sunayen masu shirin, ya nemi a tambayi gwamnatin Birtaniya ko za ta yi sulhu da sabuwar gwamnati idan aka kawar da Hitler. Bell ya kai saƙon ga sakataren harkokin waje Anthony Eden, amma ba a ba da amsar da suke jira ba. A cikin shekarar kuma ofishin Dohnanyi ya fitar da mutum 14, akasarinsu masu asalin Yahudawa, zuwa Suwizalan da sunan wakilan Abwehr ne, Bonhoeffer kuma ya taimaka wajen share musu hanya.

A nan ne rayuwarsa ta fi wuyar fassara. Mutumin da ya koyar da ƙaunar maƙiyi ya san cewa abokansa kisa suke shiryawa, ya kuma amince. A rubuce-rubucen da ya yi a kan ɗa'a a waɗannan shekaru, waɗanda aka buga bayan mutuwarsa, bai yi ƙoƙarin halatta kisan ba, bai kuma ce dokar hana kisa ta faɗi ba. Abin da ya ce shi ne akwai lokacin da duk hanyar da mutum ya bi akwai laifi a cikinta, har da zama shiru, kuma wanda babban burinsa shi ne hannunsa ya fita fes, ya fifita tsarkin kansa a kan ran maƙwabcinsa. Ya kafa hujja da cewa Almasihu, a aƙidar Kirista, marar zunubi ne da ya ɗauki laifin wasu. Saboda haka mai bin sa zai iya shiga cikin laifi domin wasu, da sharaɗin kada ya wanke kansa, ya bar hukuncin ga Allah yana fatan jinƙai. A cikin waɗannan takardu ya rubuta furcin zunubi a madadin cocin Jamus, yana tuhumarta da yin shiru lokacin da ake zubar da jinin marasa ƙarfi.

Ɗaki mai lamba 92

A Janairun 1943 ya yi baiko da Maria von Wedemeyer, 'yar shekara 18. Ranar 5 ga Afrilu aka kama shi, rana ɗaya da Dohnanyi. Ba a gano shirin juyin mulkin ba tukuna. Binciken ya taso ne daga wasu kuɗaɗen waje na Abwehr, aka kuma tuhume shi da kauce wa aikin soja. Ya shafe wata 18 a kurkukun soja na Tegel a Berlin, mafi yawa a ɗaki mai lamba 92. Wasu masu gadi da suka saba da shi suka riƙa fitar masa da wasiƙu a ɓoye zuwa ga abokinsa kuma tsohon ɗalibinsa, Eberhard Bethge.

A cikin waɗannan wasiƙu ya dawo kan maganar tashin matattu sau da yawa. Gwamnatin Nazi ta gina mulkinta a kan abu biyu da suka shafi mutuwa: tana tsoratar da mutane da ita, tana kuma ƙawata ta ga matasan da take turawa fagen daga. Bonhoeffer ya riga ya rubuta cewa inda aka ɗauki mutuwa a matsayin magana ta ƙarshe, mutane kan manne wa rai ko ta halin ƙaƙa, ko kuma su zubar da shi kamar ba komai ba, kuma duka biyun suna yi wa azzalumi amfani. Wanda ya gaskata cewa an ci nasara a kan mutuwa ba ya sayar da gaskiya don ya tsira, ba ya kuma raina rai, nasa ko na wani. Kusa da Istar 1944 ya bambanta iya mutuwa da mutunci, abin da masana falsafa irin su Socrates suka koyar, da karya ikon mutuwar kanta, wanda Kirista ke danganta wa Almasihu.

Ya kuma ƙi yarda a mayar da begen tashin matattu ƙofar gudu daga duniya. A wata wasiƙa ta Yunin 1944 ya ce bambancin wannan bege da tatsuniyoyin kuɓuta shi ne yana mayar da mutum ga rayuwarsa ta nan, ya ɗauki nauyinta har ƙarshe. Ya soki addinin da ke ajiye Allah a gefe sai an shiga matsi ko an kasa bayanin wani abu a ɗauko shi. Ya yi magana a kan Allah da ke shan wahala tare da bayinsa, da kuma cocin da ba ta cancanci sunanta ba sai ta kasance domin wasu.

Ranar 20 ga Yuli, 1944, bam ɗin da Kanar Claus von Stauffenberg ya dasa ya tashi, amma Hitler ya tsira. Kawun Bonhoeffer, Janar Paul von Hase, kwamandan birnin Berlin, yana cikin waɗanda aka rataye a watan Agusta. A Satumba Gestapo ta gano takardun Dohnanyi a Zossen. Wani mai gadi ya shirya fitar da Bonhoeffer cikin kayan leburori, amma da aka kama yayansa Klaus a farkon Oktoba sai ya fasa, don kada a huce a kan iyali. Ranar 8 ga Oktoba aka mayar da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa na hedikwatar Gestapo, ranar 7 ga Fabrairu, 1945, kuma aka kai shi sansanin Buchenwald.

Lahadin bayan Ista

A farkon Afrilu, sojojin Amurka na matsowa, aka kwashe shi da wasu fursunoni na musamman zuwa kudu, har suka sauka a wata makaranta a ƙauyen Schönberg na Bavariya. Ba su san cewa ranar 5 ga wata an riga an yanke shawara a Berlin kada mutanen Canaris su ga ƙarshen yaƙin ba. Ranar 8 ga Afrilu, Lahadi ta farko bayan Ista, abokan tsaronsa suka roƙe shi ya yi musu sujada. Ya yi jinkiri, don yawancinsu 'yan Katolika ne, akwai kuma wani Barashe da bai yarda da addini ba. Da shi ma Barashen ya nemi a yi, sai ya amince. Ya yi bayani a kan ayoyin da aka tsara wa ranar: ɗaya daga sura ta 53 ta littafin Ishaya, wadda Kirista ke fassarawa da wahalar da Almasihu ya sha saboda laifin mutane, ɗayar daga farkon wasiƙar Bitrus ta fari, mai magana a kan rayayyen bege ta wurin tashin Yesu daga matattu. Bai daɗe da gamawa ba mutum biyu suka zo suka kira sunansa. Ya bar wa wani hafsan Birtaniya, Payne Best, saƙo zuwa ga Bishop Bell, mai nuna cewa yana kallon abin da ke gabansa a matsayin mafarin rai.

A daren aka gurfanar da shi a sansanin Flossenbürg gaban wata kotun SS, babu lauya, babu shaidu. Otto Thorbeck ne alƙali, Walter Huppenkothen mai gabatar da ƙara. Da asubar 9 ga Afrilu aka rataye shi tare da Canaris da Oster da wasu, aka ƙona gawarwakin. Ba shi da kabari. Bayan mako biyu sojojin Amurka suka shiga sansanin. An kashe Dohnanyi a Sachsenhausen, aka kuma harbe Klaus da wani surukinsu, Rüdiger Schleicher, a Berlin a daren 22 ga Afrilu. Gida ɗaya ya rasa 'ya'ya biyu da surukai biyu a cikin wata guda. Ranar 27 ga Yuli aka yi sujadar tunawa da shi a Landan, BBC ta watsa, iyayensa suka saurara daga Berlin.

Bayan yaƙi

Jamus ba ta yi saurin karɓarsa ba. Shekaru da dama wasu manyan coci suna bambanta shi da fastocin da aka kashe saboda wa'azi kawai, suna cewa shi siyasa ta kashe shi. A 1956 babbar kotun tarayya ta Jamus ta Yamma ta wanke Thorbeck, ta ɗauki zaman da ya yi a matsayin shari'a bisa dokar lokacin. Sai a 1996 wata kotu a Berlin ta tabbatar da cewa hukuncin da aka yanke wa Bonhoeffer ba shi da inganci. Cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila ba ta sa shi a cikin jerin waɗanda take karramawa don ceton Yahudawa ba.

Bethge ne ya adana takardunsa. Ya buga rubutunsa na ɗa'a a 1949, wasiƙun kurkuku a 1951, sannan tarihin rayuwarsa a 1967. Daga nan littattafan suka bazu. Malaman coci masu adawa da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu sun karanta shi sosai, haka ma na Latin Amurka a zamanin mulkin soja. A 1998 aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar yamma ta Westminster Abbey a Landan cikin shahidai goma na ƙarni na 20, tare da Martin Luther King da Oscar Romero da Janani Luwum, babban bishop na Yuganda da aka kashe a zamanin Idi Amin a 1977.

Shahara ta zo da nata haɗarin. A yau ɓangarorin siyasa da ba sa ga maciji da juna kowanne na ɗaga sunansa, yana kiran abokin hamayyarsa Hitler, wasu ma suna neman hujjar tashin hankali a cikin tarihinsa. Tarihin bai ba su wannan dama ba. Bonhoeffer ya shafe shekara bakwai yana bin hanyar rubutu da wa'azi da koyarwa kafin ya shiga ƙulli, kuma ya shiga ne a ƙasar da babu zaɓe, babu kotu mai 'yanci, babu jarida, ana kuma kashe jama'a da tsari. Da ya shiga bai kira abin da yake yi tsarki ba, ya lissafa shi a cikin zunuban da yake buƙatar gafararsu. Yawancin tuhumar da ya rubuta kuwa ba a kan maƙiyansa take ba. A kan cocinsa take, da tsararsa na masu ilimi, da shi kansa.